Yadda zaka zana gwara a kan gora da tawada zalla, irin na Japanawa

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san tawada tun kafin ya san biro, baƙin gawayi ne ko na tukunya a haɗa da ƙaro a dama da ruwa, shi ke nan an samu abin rubutu. Toh tawadar Japanawa ma kusan haka take, kunkunniya ce da danƙo, sai dai su maimakon ƙaro wani danƙo suke sawa da ake dafowa daga fatar dabba, suna ce masa nikawa, su kwaɓa su zuba a ma'auni su busar ta zama ɗan sanda mai tauri kamar dutse. Sunanta sumi. Zanen da ake yi da ita kuma sumi-e, wasu su ce suibokuga, wato zanen ruwa da tawada, kuma ni wannan suna na biyun ya fi min don ya faɗi gaskiyar sana'ar. Rabin aikin ruwa ne. In ka iya sarrafa ruwan da ke cikin buroshinka tsuntsu zai fito, in baka iya ba ko hannunka ya kai na waye taɓo kawai zaka riƙa yi a takarda.

Asalin abin daga Sin ya zo, sufayen addinin Buda masu bin tafarkin Zen su suka shigo da shi Japan wajejen ƙarni na 13 zuwa na 14, ya bunƙasa a zamanin da suke kira Muromachi, ƙarni na 14 zuwa na 16. Babban sunan da zaka riƙa ji shi ne Sesshu, an haife shi 1420, ya je Sin da kansa a 1467 ya yi kamar shekara biyu ya dawo. Ɓangaren tsuntsaye da furanni kuma kacho-ga suke ce masa. Tarihin ya isa haka, sauran zan riƙa sako shi inda ya dace, don wasu dabarun sai an ambaci masu su.

Abu ɗaya kafin mu fara, na san akwai masu kaffa-kaffa da zanen abu mai rai, kuma magana ce da malamai suka yi bayani a kai, kowa ya bi abin da malaminsa ya faɗa masa. Wanda bai son zana tsuntsun ya tsaya a gora, wallahi ita kaɗai ta isa ta cinye maka shekaru, akwai masu zanen da gora kawai aka san su da ita.

Kayan aiki

Guda huɗu ne ginshiƙai, buroshi da tawada da dutsen niƙa da takarda. Buroshin fude sunansa, kuma garin Kumano da ke yankin Hiroshima shi ke yin mafi yawan na Japan. Gashin dabba ne, na akuya mai laushi yana shan ruwa da yawa, na doki ko barewa mai tauri yana dawowa da kansa in ka danna, akwai kuma wanda aka gauraya. Ɗan koyo ya nemi gaurayayyen, matsakaici, irin wanda suke kira tsuketate, sai ƙarami siriri guda ɗaya na ido da baki da ƙafa. Biyun nan sun ishe ka. Kar ka ga set mai guda goma sha biyu a intanet da araha ka yi oda, yawanci kwalliya ce, gashin zubewa yake tun ranar farko.

Sandar tawada iri biyu ce. Akwai ta hayaƙin itacen matsu, wani itace mai ganye kamar allura wanda baya kaɗewa ko a tsakiyar sanyi, ita in aka tsarma ta da ruwa sai ta ba da toka-toka mai ɗan shuɗi. Akwai ta hayaƙin mai, kamar man riɗi, ita kuma ta fi sheƙi tana ɗan karkata zuwa ruwan ƙasa. Garin Nara ne cibiyar yinta, akwai gidan Kobaien can da suke wannan sana'a tun 1577 har yau. Dutsen niƙan suzuri ake ce masa, yana da tudu inda ake gogawa da ɗan rami inda tawadar ke taruwa, su da kansu tudun suna ce masa tudu ramin kuma teku. Takarda washi ce, ta ɓawon itace, sannan akwai gasenshi wadda masu zanen tawada suka fi so don tana shan ruwa sosai. Farar takardar firinta ba zata yi ba sam, tawadar zama take a sama kamar ruwa a kan leda. In baka samu washi ba tukuna, tsohuwar jarida ta fi ta nesa ba kusa ba, da ita na yi wata biyu ina ɓata gora.

Sauran tarkacen duk kana da su a gida. Ƙananan fararen faranti uku, dole farare don ka ga kalar tawadar, kofin ruwa biyu, ɗaya na wanki ɗaya mai tsabta, tsumman auduga, wani ƙyalle mai kauri ko tsohon bargo da zaka shimfiɗa ƙarƙashin takardar don kar ta manne da tebur, da wani abu mai nauyi ka danne samanta.

Sabon buroshi yana zuwa a sandare da sitati. Ka murza shi a hankali da yatsa daga tsini zuwa gindi cikin ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, zafi na narkar da gam ɗin da ya riƙe gashin. Murfin robar nan da ya zo da shi kuma ka yar, in ka maida shi kan jiƙaƙƙen buroshi gashi zai karye ya yi fumfuna.

Niƙa

Ka ɗiga ruwa kaɗan a kan tudun dutsen, kamar cikin ƙaramin cokali, kar ka cika ramin. Ka riƙe sandar ka riƙa gogawa a hankali ba tare da danna ta ba, nauyin hannunka kawai, ko a zagaye ko gaba da baya. In ruwan ya yi kauri ka tura shi rami ka ƙara wani ɗigon. Minti goma zuwa ashirin. Zaka ji ƙamshi na tashi don suna sa turare a ciki saboda ƙarnin danƙon. Mutane na ƙorafi wai ɓata lokaci ne tunda akwai ta kwalba, kuma eh akwai, bokuju, ba laifi a yi atisaye da ita, amma in ka tsarma ta bata ba da launuka masu taushin nan da ta niƙa ke bayarwa. Kuma minti sha biyar ɗin nan da kake gogawa a nan hannu ke saki, a nan kake kallon farar takardar kana yanke inda tsuntsun zai zauna.

Da ka gama ka goge bakin sandar da tsumma nan take. Kar ka kuskura ka bar ta tsaye a kan dutsen, danƙon na kamawa, in ka zo cirewa sai ta ɓalle da fuskar dutsen. Kuma wanda ke inda hunturu ke busar da komai ya kula, sandar nan tsagewa take in iska ta bushe da yawa, ka naɗe ta a takarda ka sa a akwatinta. Tawadar da ta kwana a dutse ka zubar, danƙon ya lalace.

Yanzu ka raba uku. Baƙa wuluk ta zauna a dutse. A faranti na farko ka ɗebo kaɗan ka ƙara ruwa ta zama tsaka-tsaki. A na biyu ruwa da yawa tawada ɗis, ta zama kamar hayaƙi. Na uku ka bar shi fanko. Ka gwada kowacce a gefen takarda ka jira ta bushe, don in ta bushe tana yin haske fiye da yadda ka gani tana jiƙe, wannan na yaudarar kowa da farko.

Loda buroshi, nan ne wajen

In zaka karanta sashe ɗaya kawai ka karanta wannan. Suna da wata magana wai tawada kala biyar gare ta, kuma dabarar ita ce a sa kala uku cikin buroshi ɗaya a lokaci guda. Ka jiƙa buroshin duka a ruwa mai tsabta, ka matse a tsumma har ya daina ɗiga. Ka tsoma shi gaba ɗaya cikin mai hasken. Ka share a bakin faranti. Ka tsoma rabinsa cikin tsaka-tsakin. Sai ka taɓa tsinin kawai, ɗan mitsitsi, a baƙar. Ka zo faranti na uku ka ɗan danna shi sau ɗaya ko biyu don iyakokin su narke cikin juna. Yanzu in ka kwantar da shi ka ja, layi ɗaya zai fito da duhu a gefe guda yana tafiya yana haske zuwa ɗaya gefen, kaga abu ya yi kamar mai zagaye ba tare da ka koma ka yi masa inuwa ba.

Matsalar kullum ruwa ne. Ya yi yawa, tawada ta bazu ta cinye siffar, wannan bazuwar nijimi suke ce mata. Ya yi kaɗan, layin ya fito a yage da fari-fari a ciki, kasure kenan. Duka biyun ba kuskure ba ne in kai ka nufa, nijimi ita ke ba ka laushin cikin tsuntsu, kasure ke ba ka kaushin busasshen reshe. Abin da ake koyo shi ne ka san wanne zai fito tun kafin ka taɓa takarda, kuma ma'aunin shi ne tsumman nan, ka taɓa gindin buroshin a kai ka ga yawan ruwan da ya sha. Gudu ma na cikin lissafi, in ka yi a hankali takarda ta sha da yawa, in ka yi sauri ta sha kaɗan.

Riƙon ba irin na biro ba ne. Ka kama sandar wajen tsakiya, babban yatsa a gefe ɗaya manuniya da na tsakiya a ɗayan, buroshin a tsaye cak, hannu baya taɓa tebur, motsin daga gwiwar hannu da kafaɗa yake zuwa. In takardar babba ce ka tashi tsaye. Riƙo a tsaye na layi siriri mai ƙarfi ne, tsinin na tafiya a tsakiyar layin. A kwance kuma na faɗi ne. Ka cika jarida biyar da layuka kawai kafin ka wuce nan, na san ba zaka yi ba amma dai na faɗa.

Gora

Suna da tsirrai huɗu da ɗalibi ke farawa da su, shikunshi, ciki har da gora da itacen ume mai fure a ƙarshen sanyi, don kowanne na koyar da wani irin jan buroshi. Mu gora muke so saboda gwara, haɗin nan na gwara da gora tsoho ne sosai a wajensu, take ni suzume, har a tambarin gidajen sarauta yana nan, gidan sarautar Date na garin Sendai ma shi ne nasu.

Daga ƙasa ake farawa zuwa sama yadda take tsirowa. Ka loda kala ukun, ka kwantar da buroshi, danna, ja sama, tsaya, ɗaga. Gaɓa ɗaya kenan. Ka bar ɗan fari siriri ka sake danna, ja, tsaya, ɗaga. Gaɓoɓin ƙasa gajeru ne, na tsakiya dogaye, na sama su sake gajarta. Kar ka sake loda tawada a tsakiya, ka bari ta riƙa ƙarewa, bushewar da zata yi a sama kyau ne. In kana so ta ɗan lanƙwasa, a wajen gaɓa ake karya ta, ita kanta gaɓar miƙaƙƙiya ce, in ka lanƙwasa tsakiyarta sai ta koma kamar tiyo. Tun tana da ɗan danshi ka ɗauki baƙar tawada a tsini ka ja ɗan layi mai lanƙwasa a kowane farin da ka bari, zai ɗan narke cikin karan, haka ake so.

Rassa daga gaɓa suke fita, ba daga ko'ina ba, sirara, da buroshi a tsaye da sauri. Ganye kuma shi ne wahalar. Tsini ya sauka, ka danna cikin buroshin ya buɗe, ka ja kana ɗagawa har ya ƙare da tsini, duk a numfashi ɗaya, kuma hannun ya ci gaba da tafiya a iska bayan ya bar takarda, in ka tsaya a ƙarshe ganyen zai yi kai kamar kulki. Ana jera su bibbiyu kamar jelar kifi, ko uku-uku, a ɗora wasu kan wasu. Kar su fito daga wuri ɗaya tsawo ɗaya kamar sawun kaza, wannan shi ne alamar ɗan koyo ta farko. Na gaba baƙaƙe, na baya masu haske, kuma ka yi na bayan da farko ka bari su sha iska.

Sai dai tun yanzu ka bar wa tsuntsun wurinsa. Ni shawarata ma ka fara yin tsuntsun sannan ka kawo reshen ƙarƙashin ƙafarsa, ya fi sauƙi ka kai reshe wajen ƙafa da ka kai ƙafa wajen reshe.

Gwara

Kafin ka zana ka kalla. Ito Jakuchu, ɗan gidan dillalan kayan lambu a kasuwar Nishiki ta Kyoto, an haife shi 1716, ya bar wa ƙaninsa kasuwancin yana ɗan shekara arba'in ya koma zane, kaji ya zuba a tsakar gidansa yana kallonsu, shi ya sa zakarunsa har yau in ka gani kamar zasu yi cara. Kai ma ka watsa gero a tsakar gida ka zauna. Amma ka sani gwaran Japan, suzume, yana da nasa kamannin, hula ruwan ƙasa a ka, kumatu fari da ɗigon baƙi a tsakiya, ɗan baƙi a maƙogwaro, baya mai zane-zane. Ɗigon kumatun nan shi ne shaidarsa, in babu shi Bajapane zai ce wani tsuntsun ne. Ka nemi bidiyonsa ka kalla, ka kalli na gida don motsi.

Akwai wani tsohon littafin koyon zane na Sin da aka fara bugawa 1679, Japanawa na kiransa Kaishien Gaden kuma sun yi karatu a kansa sosai, abu biyu da ya koyar kan tsuntsu har yau su ake bi. Na ɗaya, tsuntsu daga ƙwai ya fito kuma jikinsa siffar ƙwai ce, kai da jela da ƙafa ƙari ne. Na biyu, da baki ake farawa. Ƙwan nan ba zana shi zaka yi ba, a ido zaka riƙe shi, in ka ga dama ka zagaya da yatsa a kan takardar ka ga girmansa da inda ya karkata.

Toh bismilla. Ƙaramin buroshi, baƙar tawada, ba ruwa sosai. Baki gajere mai kauri irin na mai cin tsaba, layin tsakiya tukuna sannan na sama da na ƙasa, ja uku. Ido ɗigo ɗaya, a bayan inda baki ya ƙare kuma ɗan sama da layin tsakiyar kaɗan. Wannan ɗigon in ya kauce da faɗin ƙwayar gero tsuntsun ya zama wawa ko ya zama kifi, ba wasa ba, don haka ka numfasa kafin ka sa shi. In zaka iya barin ɗan fari a ciki ka bari.

Ka koma babban buroshi mai kala uku. Hula, tsini na kallon baki, ka danna sau ɗaya daga goshi zuwa ƙeya ka ɗaga, kar ta rufe idon. Ka bar fari siriri a wuya. Baya, danna biyu ko uku masu faɗi daga kafaɗa suna gangarowa, a nan ƙwan ke fitowa. Yanzu ka jira kaɗan. Wannan jiran ba a iya faɗarsa da agogo don ya danganta da takarda da iska, da damina zaka daɗe, da hunturu kafin ka juya ta bushe, abin da kake nema shi ne sheƙin ruwan ya tafi amma in ka taɓa da bayan yatsa da sanyi. A daidai nan zaka ɗiga baƙaƙen zanen baya guda huɗu ko biyar, su ɗan bazu su yi laushi kamar gashi. Ka yi wuri su narke su ɓace, ka makara su zauna kamar an yi da maka.

Fiffike, gajerun ja da baƙar tawada suna bin juna zuwa baya, uku ko huɗu sun isa, kar ka tsaya ƙirga gashi. Jela ja biyu, kuma ta bi layin da ya taso daga ka ya ratsa baya, in ta kauce sai ta zama kamar an soka masa tsinke. Ɗigon kumatu, ɗan baƙin maƙogwaro. Ciki kuma da tawada mafi haske, kusan ruwa, ja ɗaya daga maƙogwaro ya zagayo zuwa ƙarƙashin jela, kuma ko ya yanke a hanya ka ƙyale shi, idon mai kallo zai ƙarasa. Ƙafa a ƙarshe, ƙaramin buroshi a bushe, yatsu uku gaba ɗaya baya, a kan reshe yawanci biyu ko uku kawai ake gani sun naɗe. Ka tabbata ƙafar na ƙarƙashin nauyin jikin, in ta yi baya tsuntsun zai yi kamar zai kifa. In gwaran sanyi kake so, wanda ya kumbura gashinsa ya zama ƙwallo, fukura suzume, sai ka ƙara wa ƙwan faɗi ka nutsar da wuyan ka ɓoye ƙafafun kusan duka, kuma gaskiya ya fi sauƙi ga mai farawa.

Duka duka ja ashirin da wani abu ne, minti biyu ko uku. Na farko zai yi kama da dankali. Kar ka gyara. Ba a goge kuskure a wannan sana'ar kuma in ka koma kan layi sau biyu takarda sai ta tona maka asiri, wurin zai yi duhu ya mutu. Ka ja wata takardar. Ni sai da na yi wajen hamsin kafin na samu wanda ƙanwata ta kalla ta ce tsuntsu ne ba tare da na faɗa mata ba.

Farin da aka bari

Yanzu haɗawa. Kar ka sa tsuntsun a tsakiya, ka kai shi gefe, ka bar fili a gaban bakinsa inda yake kallo. Gorar ta shigo daga gefe ɗaya ta fice ta sama, ba sai an ga ƙarshenta ba. Fiye da rabin takardar ya zauna fari. Wannan farin yohaku suke ce masa kuma a lissafinsu shi ma zane ne, shi ne sama, shi ne hazo, shi ne ƙanƙara. Hannunka zai riƙa ƙaiƙayi ka ƙara ganye ɗaya, ka ajiye buroshin.

In kana son ganin iyakar abin ka nemi hotuna biyu. Na farko itatuwan matsu na Hasegawa Tohaku, wanda ya rasu 1610, hoton yana gidan tarihi na ƙasa a Tokyo, itatuwa ne cikin hazo wasu sun fito wasu sun kusa ɓacewa, kuma hazon ba a zana shi ba ko kaɗan, takarda ce. Na biyu na Miyamoto Musashi ne, wani shahararren gwanin takobi na Japan, ya rasu 1645, ashe yana zane. Wani ɗan tsuntsu mai farauta da suke kira mozu ya zana a saman busasshen reshe dogo siriri da ya tashi kamar an sare iska da shi, sai ka lura da kyau zaka ga tsutsa na hawa reshen daga ƙasa. Ni wannan ya fi burge ni a kan duk wani zane mai kala, don baka san ko tsuntsun ya gan ta ba.

In gwara ya zauna a hannu

Tsuntsaye a wajensu ba a haɗa su da kowane tsiro haka kawai, kowanne da abokinsa da lokacinsa. Tsattsewa da itacen yanagi mai rassa masu zubowa, dinyar daji da ciyawar bakin ruwa lokacin kaka, uguisu mai daɗin kuka da furen ume, tsuru da matsu. Abin dariya, tsuru ɗin nan, dangin gauraka ne fari mai jan tabo a ka, a zahiri baya sauka a kan itace, a fadama yake rayuwa kamar ta Kushiro a tsibirin Hokkaido da ke arewacin Japan, haɗin na fatan tsawon rai ne kawai don suna cewa tsuru shekara dubu yake yi. In zaka zana shi ka lura, baƙin gashin nan na baya da kowa ke ɗauka jela ce, na fiffike ne, jelarsa fara ce, in ya buɗe fiffike zaka gani.

Farin tsuntsu irin tsuru ko balbela ba a shafa masa fari, takardar ce jikinsa. Ko dai ka yi layi siriri mai haske, ko ka shafa tawada mai ruwa-ruwa a kewayensa ya fito da kansa, wannan sotoguma kenan. Hankaka kuma akasin haka, nasu baƙi ne gaba ɗaya ba farin ƙirji irin namu, buroshi cike da baƙar tawada danna uku ko huɗu, ka bar ɗan fari wajen ido kawai. Na gashin kaza akwai dabarar Jakuchu, sujime-gaki, a kan gasenshi in ka ajiye ja mai haske kusa da wani tun suna jiƙe basa haɗewa, wani farin layi siriri na fitowa a tsakaninsu da kansa, sai ka jera su kamar ɓawon kifi. Akwai kuma tarashikomi ta wani mai zane Tawaraya Sotatsu, a ɗiga tawada mai duhu cikin mai haske tun bata bushe ba a bar ta ta yi abin da ta ga dama, amma ita sai a takardar da bata shan ruwa sosai.

Gamawa

Sa hannu da jan hatimi, rakkan, ba a manna shi ko'ina, ana sa shi a gefen da ya yi sauƙi don ya daidaita nauyin hoton, ka yanki 'yar jar takarda ka riƙa matsar da ita kana gani kafin ka buga na gaske. Ƙarami ya fi.

In ta bushe zaka ga takardar ta yamutse, kar hankalinka ya tashi haka take yi. Maganinta urauchi, a kifa zanen a fesa masa ruwa kaɗan ya miƙe, a shafa koko mai ruwa-ruwa na sitatin alkama a wata takardar a manna a bayansa, a liƙa gefunan a allo ya bushe a miƙe, a nan ne ma launukan toka-tokan ke fitowa sosai. Ka bari zanen ya yi kwana biyu tukuna, kuma ka fara gwadawa da wanda baka so, don tawadar kwalba wani lokacin tana zuba in ta ji ruwa. Su can suna mai da shi naɗaɗɗen hoto su rataye a wani lungu na ɗakin baƙi da suke kira tokonoma, suna canzawa da lokacin shekara, kai firam ma ya isa.

Sai wanki. Dutsen da ruwa da tsumma mai laushi, ba soson ƙarfe ba. Buroshin da ruwa zalla ba sabulu, ka riƙa matsa gindin gashin a hankali har ruwan ya fita fari, don a nan tawada ke ɓuya ta bushe ta raba maka tsini biyu. Ka gyara tsinin da yatsa ka rataye shi kai ƙasa a inuwa. Na farkon da na saya a kofin ruwa na bar shi ya kwana, da safe ya lanƙwashe kamar lauje, har yau yana nan ina yin busasshiyar ciyawa da shi.